Gilashin Dubu Ɗari Uku Ko Na Miliyan Uku: Wanne Ya Dace Da Mai Hoton Bena?

Da zarar an yanke dawa an ɗaure dammuna a ƙasar Zuru, kuɗi ya shiga hannun manoma, sai kakar aure ta kama. A Bena, garin kasuwar hatsi da ke Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu a Jihar Kebbi, wannan ne lokacin da mai hoto ba ya samun zama: yau kamu, gobe ɗaurin aure, jibi kai amarya, ga suna, ga walimar saukar karatu. A irin wannan lokaci ne kuma, idan ɗan abin da ya tara ya yi auki, yake fara tunanin sauya gilashin kyamararsa. Wanda ta zo da shi daga kanti, mai 18-55mm, ya ishe shi, domin da magariba ta yi sai hoto ya fara fita dishi-dishi, fuskar amarya ta cika da tsaki-tsaki. Abokan sana'a sun ba shi shawara ya nemi gilashi mai tsayi ɗaya, wanda ba ya zuƙowa amma ƙofarsa ta haske tana buɗewa sosai. Galibi mai 50mm ake nufi.

Shawarar daidai ce. Inda gizo ke saƙa shi ne mai 50mm ɗin ba ɗaya ba ne. Kamfanin Canon kaɗai yana da mai f/1.8, da mai f/1.4, da mai f/1.2, kuma tazarar farashin da ke tsakanin na farko da na ƙarshe ta haura ninki goma. Lokacin da Canon ta fito da RF 50mm f/1.2L a 2018, ta sa masa dala 2,299. Ƙanensa RF 50mm f/1.8 da ya biyo baya a 2020, dala 199 ne. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, na farko ya doshi naira miliyan uku da rabi, na biyu kuwa bai cika dubu ɗari uku ba, kafin a ɗora kuɗin kwastan da ribar ɗan kasuwa.

Matsayar wannan rubutu a bayyane take. Mai hoton da ke cin abinci da bukukuwan Bena, Wasagu, Ribah da Zuru, mai f/1.8 ya kamata ya saya, sauran kuɗin ya zuba su a haske, batura, da kyamara ta biyu. Ba don mai tsadar ba shi da kyau ba. Yana da kyau ƙwarai. Sai dai kyan nasa yana bayyana ne a wuraren da aikin Bena ba ya kaiwa, kuma ana biyan kuɗinsa da gumin da ke da wuraren zuwa masu muhimmanci.

A fara da lissafin haske, tunda shi ne dalilin sayen. Lambar nan da ke bin harafin f tana nuna faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga, kuma iya ƙanƙantar lambar iya faɗin ƙofar. A raba tsayin gilashin da lambar, sai a sami faɗin: 50 a raba da 1.8 ya ba da kusan milimita 28, a raba da 1.2 kuma ya ba da kusan milimita 42. Gilashin kanti, idan aka zuƙo shi zuwa 55mm, ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Wanda ya tashi daga nan ya koma f/1.8 ya sami haske kusan ninki goma. Wannan shi ne babban tsallen, shi ne ke mayar da ɗakin amarya mai ƙwan lantarki ɗaya wurin da za a iya ɗaukar hoto a cikinsa. Daga f/1.8 zuwa f/1.4 kuwa, ƙarin bai kai ninki biyu ba. Daga f/1.8 zuwa f/1.2, ninki biyu ne da kwata. Wato dala ɗari biyun farko ta sayo ninki goma, dala dubu biyun da aka ƙara a kai ta sayo ninki biyu da ɗan ɗoriya. Kyamarorin da aka ƙera cikin shekaru goman nan kuma suna iya cike wannan giɓi ta ƙara lambar ISO daga 1600 zuwa 3200, ba tare da uwar amarya ta ga wani bambanci ba.

Akwai kuma abin da tallar gilashi ba ta cika faɗa ba. Iya buɗe ƙofar iya ƙanƙancewar yankin da zai fito tar a hoto. A kan kyamara mai cikakken allon ɗaukar hoto a cikinta, idan mutum yana tsaye mita biyu daga mai hoto, f/1.2 na ba da zurfin da bai wuce santimita goma sha biyu ba, f/1.8 kuma kimanin goma sha bakwai. Ga amarya ita kaɗai a zaune, ta sha lalle ta lulluɓa da mayafi, wannan abin so ne: idanunta su fito, bango da tarin akwatunan da ke bayanta su narke. Amma hotuna nawa ne a bikin Bahaushe ko na Badakkare ake ɗaukar mutum ɗaya? Yawancin aikin ƙawaye ne sun jeru da anko, iyaye da gwaggwanni sun yi layi biyu, abokan ango sun yi cincirindo a ƙofar masallaci. A nan dole a rufe ƙofa zuwa f/4 ko f/5.6, in ba haka ba layin gaba ya fito, na baya ya zama inuwa, kuma gwaggon da ta taso tun daga Kontagora ba za ta yafe ba. To a f/5.6, gilashin dubu ɗari uku da na miliyan uku sun yi kusa da juna har sai an faɗaɗa hoton a babban allon kwamfuta an tsura masa ido kafin a rarrabe su.

Rana ma tana da nata hukuncin. Da tsakar ranar bazara a Kebbi, idan aka buɗe ƙofa zuwa f/1.2, haske ya yi yawan da ko kyamarar da ke ƙiftawa cikin kashi ɗaya bisa dubu takwas na daƙiƙa ba za ta iya tare shi ba, balle ƙananan kyamarori irin su Canon 2000D ko Nikon D3500 da iyakarsu ɗaya bisa dubu huɗu. Farar shaddar ango ta ƙone fat, aikin wuyan ya ɓace. Sai an sayo baƙin tabarau an ɗaura wa gilashin a gaba, wato an biya kuɗi an sayi haske, an sake biyan kuɗi an rage shi.

Masu goyon bayan mai tsada kan ce arha ba ta ado, kuma galibi gaskiya ne a kasuwa. Amma gilashin 50mm f/1.8 yana da tarihin da ya fitar da shi daga wannan hukunci. Arharsa ba daga algus ta zo ba, daga tsufan fasaharsa ta zo. Tsarin da ake jera gilasan cikinsa ya samo asali ne daga Planar, wanda Paul Rudolph ya zana wa kamfanin Zeiss na Jamus a 1896. Fiye da shekara ɗari ana ƙera shi ana gyara shi, har ya zama babu wani gilashi da masana'antu suka fi ƙwarewa a kansa. Na Canon guda shida ne kawai na gilasai a ciki, nauyinsa giram 160. Shi kuwa RF f/1.2L gilasai goma sha biyar ne a cikinsa, nauyinsa giram 950. Sigma 50mm f/1.4 Art da ya fito a 2014 a kan dala 949 yana da goma sha uku, nauyinsa ya haura giram 800. Duk wannan ƙarin an yi shi ne don magance lahanin da ke tasowa idan an wangale ƙofa: laushin gefen hoto, da wani jan layi ko kore da ke bin bakin abu mai ƙyalli. Aiki ne na gwanaye, ya cancanci yabo. Wanda zai yini a tsaye daga hantsi har bayan isha'i da kyamara a wuya, shi ne zai san bambancin giram 160 da kusan kilo guda.

Sai batun inda hoton zai ƙare. Hotunan bikin Bena suna tafiya ne ta WhatsApp, su hau Facebook da TikTok, kaɗan daga ciki a wanke su a sa a albam ko a firam, wasu a buga a kalanda da jikin kofi a raba wa 'yan biki. WhatsApp yana matse hoto ya rage girmansa kafin ya aika, sai fa in an zaɓi tura shi da cikakken ingancinsa, wanda ke cin data a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Kaifin da aka biya miliyoyi dominsa, shi ne abu na farko da matsewar ke cinyewa. Abin da ke tsira har ya isa wayar dangin da ke Sakkwato ko Legas shi ne hasken da ya sauka a fuska, da kalar fata ta fito yadda take, da lokacin da aka danna.

Tarihin hoto a Afirka ta Yamma shaida ne a kan haka. Seydou Keïta na Bamako ya fara ne da ƙaramar Kodak Brownie da kawunsa ya ba shi a 1935, ya buɗe shagonsa a 1948, ya yi ta ɗaukar mutane a tsakar gida da hasken rana da zanen atamfa a bayansu. Yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka. Malick Sidibé, shi ma ɗan Mali, yawo yake yi daga wannan gidan rawa zuwa wancan da kyamara da filasha, ya kwana yana ɗaukar samari da 'yan mata, kuma a 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a babban baje kolin fasaha na birnin Venice. A Nijeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere ya sayi Brownie D a 1950, daga 1968 kuma ya shiga ɗaukar salon kitson mata har ya tara kusan dubu. Daga baya dukkansu sun riƙe kayan aiki masu kyau, babu musu. Amma idon da ya sa ake tunawa da su a kan ƙananan akwatuna ya nuna.

Wannan ba ya nufin babu aikin da ke neman ƙofa mai faɗin gaske. Zeiss ta taɓa ƙera 50mm f/0.7 saboda shirin Amurka na zuwa duniyar wata, kuma daraktan fim Stanley Kubrick ya samo irinsa ya ɗauki wasu fitowa na fim ɗinsa Barry Lyndon, na 1975, da hasken kyandir kawai. An ce dole 'yan wasan suka riƙa takaita motsi don kada su fita daga ɗan siririn yankin da ke fitowa tar. Darakta na iya cewa jaruma ta tsaya cak, a sake ɗauka sau ashirin. Mai hoton da ke filin Uhola, bikin kaka na Dakarkari, inda samari ke kokawa, masu rawa ke juyi, ƙura na tashi, ba shi da wannan dama. Abin da yake buƙata gilashi ne mai saurin kama saiti da ƙofa a f/2.8 ko f/4, don ɗan kokawa ya matsa taku ɗaya bai fice daga hoton ba. A bikin kamun kifi na Argungu kuwa, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, masunta suna can tsakiyar kogin Matan Fada, mai hoto yana bakin gaɓa. A can 50mm kowane iri ne ya yi gajarta. Mai dogon zango irin 70-200mm ake nema, kuma wanda ya ƙarar da jarinsa a kan f/1.2 ba zai iya sayensa ba.

A nan ne maganar ta koma ta kasuwanci, kuma a nan ya kamata a daɗe. Tun da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dalar da hukuma ke sayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Babu gilashin kyamara ko ɗaya da ake ƙerawa a Nijeriya, saboda haka duk farashin ya bi dala ya tashi. Kuɗin da ake biyan mai hoto a karkara bai tashi haka ba, domin manomin da zai aurar da 'yarsa shi ma taki da man fetur sun cinye shi. Tazarar da ke tsakanin gilasan RF guda biyun nan dala 2,100 ce, wato naira miliyan uku da dubu ɗari da hamsin a wancan lissafi. A ɗauka, don misali kawai, ribar da ke rage wa mai hoto a biki ɗaya, bayan ya cire kuɗin mashin da wanki da yaron da ke riƙe masa fitila, naira dubu talatin ce. Sai ya yi biki ɗari da biyar kafin ya mayar da tazarar kaɗai. Kowa ya sa nasa adadin ya gani. Tambayar da ke biye ita ce mai yanke hukunci: akwai uban amarya a Bena da zai ƙara ko naira dubu biyar a kan kuɗin aiki saboda an ce masa gilashin f/1.2 ne? A Abuja da wasu manyan ɗakunan taro na Kano da Kaduna akwai masu biyan irin wannan kuɗi, domin a can hoton kafin aure kaɗai kasuwa ce mai zaman kanta. Mai hoton Abuja da ya sayi f/1.2 ya yi lissafinsa daidai. Kuskuren shi ne ɗan Bena ya kwafi amsar ba tare da ya duba ko tambayarsu ɗaya ba.

Da wannan tazara kuwa za a iya kafa sana'a sukutum. Filasha irin Godox TT600 ba ta kai dala ɗari ba. Biyu daga cikinta, da lema mai tausasa haske, da sandar ɗorawa, sun fi kowane gilashi gyara hoton dare, saboda matsalar ɗakin amarya ba ƙarancin haske kaɗai ba ce, muninsa ne: ƙwai ɗaya a saman kai, yana zuba inuwa a ramin ido, ga launinsa ya rine fata ta koma shuɗi-shuɗi. Gilashi mai faɗin ƙofa zai kwaso wannan mummunan hasken ne ya ninka shi. Filashar da aka harba jikin farin bango ko silin ta dawo a tausashe, ita ce ke fitar da baƙar fata da sheƙinta, ta bar wa farar shadda aikinta. Sai batura na ƙari da na'urar cajin sola, tunda wutar NEPA ba abin dogaro ba ce, man janareta kuma ya yi tsada tun cire tallafi a watan Mayun 2023. Sai katin ajiya na asali, da faifan da za a kwafe aikin mutane a ciki. Sai kyamara ta biyu ko da ta hannu ce. Ranar da kyamara ɗaya tilo ta ƙi tashi ana tsaka da ɗaurin aure, gilashin miliyan uku da ke maƙale a bakinta ba shi da abin da zai yi, kuma ba a sake ɗaurin aure don mai hoto.

Hujja mafi ƙarfi da masu son mai tsada ke da ita ba ta kaifi ba ce, ta ƙarko ce, kuma ta cancanci a saurare ta. Yawancin gilasan Canon masu jan zobe, da takwarorinsu na Nikon da Sony, an toshe gaɓoɓinsu da roba don hana ƙura da danshi shiga. A ƙasar da hunturu ke kawo ƙura mai laushi kamar garin tuwo, kuma daminar Zuru ta fi ta arewacin Kebbi ruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙura tana shiga ta cinye injin saiti, danshi kuma yana haifar da fumfuna a jikin gilasan ciki. Tsohon Canon EF 50mm f/1.8 II na 1990 har gindinsa na roba ne, kuma ya yi suna wajen rabewa biyu idan ya faɗi. Amma wanda ya gaje shi a 2015, mai STM, gindin ƙarfe gare shi, injinsa ya fi shiru, an kuma sayar da shi a kan dala 125. Ba a toshe shi ba, gaskiya ne. Sai dai ko da ƙura za ta kashe shi duk bayan shekara uku, sai an sayi goma kafin a kai kuɗin EF 50mm f/1.2L guda ɗaya. Kuma tsada ba kullum take nufin kariya ba: wancan Sigma na 2014, duk da kaifinsa, ba a yi masa irin wannan toshiyar ba, shi kuma Canon EF 50mm f/1.4 na 1993 masu gyara sun san shi da lalacewar injin saiti idan bakinsa ya bugu.

Idan mai tsadar ya lalace fa? Babu mai buɗe irinsa a Zuru. Sai an aika Kaduna, Abuja ko Legas, a jira makonni, wataƙila a ce sai an yi odar kayan gyara daga waje. Mai arha kuwa, ɗan sana'a na iya ajiye na biyu a jaka.

Akwai kuma abin da duk mazaunin wannan yanki ya sani ba sai an faɗa masa ba. Danko/Wasagu tana cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba a Kebbi. A watan Yunin 2021 kaɗai, 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 88 a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar. Asarar kaya ba komai ba ce a gefen asarar rai, amma mai hoton da ke hawa mashin ya bi hanyar daji zuwa biki a ƙauye dole ya yi tunanin abin da ya goya. Babu inshorar da ke biyansa. Wanda ya tara jarinsa duka a abu ɗaya da za a iya fizgewa a minti guda, ya jingina abincin iyalinsa a kan sa'a.

Sai dai zaɓen mai arha ma yana da ramukansa, kuma da yawa sun faɗa. Na farko shi ne tsayin kansa. Yawancin kyamarorin da matasa ke fara sana'a da su, irin su Canon 600D, 700D da 2000D, ko Nikon D3200 da D5300, ƙaramin allo gare su. A kansu 50mm yana gani ne kamar 80mm a Canon, ko 75mm a Nikon. Wannan ya yi daidai da hoton fuska da kafaɗa. Amma a ɗakin amarya da gado da kabet da jeren kwanuka suka cinye rabinsa, mai hoto zai ja da baya har bayansa ya bugi bango bai haɗa mutum uku a hoto ba. Mai Nikon irin wannan, AF-S DX 35mm f/1.8G da ya fito a 2009 a kan kimanin dala 200 ya fi yi masa amfani. Mai Canon kuma ya duba EF-S 24mm f/2.8, ɗan falale mai arha, ya haɗa da 50mm ɗin. Su biyun tare ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin f/1.2 ba, kuma sun rufe ɗaki da tsakar gida.

Na biyu ya shafi masu Nikon kaɗai, kuma yana da ciwo. Akwai 50mm f/1.8D, akwai 50mm f/1.8G na 2011. Mai D ya fi arha, ya kuma cika kasuwar kayan hannu, amma ba shi da injin saiti a cikinsa, yana dogara ne da na jikin kyamara. Jerin D3000 da D5000 ba su da wannan inji. Wanda ya ɗora mai D a kan D3300 zai tarar sai ya riƙa murɗa saiti da hannu, a cikin duhu, amarya na motsi. Harafi ɗaya ne ya raba su, kuma ba kowane mai shago ne zai tsaya ya yi bayani ba.

Na uku shi ne mai arhar cikin masu arha. Kamfanin Yongnuo na ƙasar Sin ya fito da 50mm f/1.8 mai kama da tsohon na Canon a kan kusan rabin kuɗinsa. Ga ɗalibin da ke koyo, ya wadatar. Ga wanda aka ba amanar ranar da ba ta dawowa, tazarar ba ta kai a yi kasada ba, domin injinsa yana da ƙara, wadda ke shiga cikin bidiyo, kuma a wuri mai duhu yakan yi ta kai da komo kafin ya kama. Ba dukkan na Sin ne haka ba. Viltrox, alal misali, ta yi suna da gilasai masu kyau na kyamarorin Sony, Fujifilm da Nikon Z. Amma a wannan aji na 50mm f/1.8, na kamfanin da ya ƙera kyamarar ya riga ya yi arhar da ba sai an gangara ƙasa da shi ba.

Yaushe ne to ya dace a haura sama? Idan aikin ya canza. Wanda ya fara samun kwangila a Birnin Kebbi ko Sakkwato inda ake buga hoto a manyan alluna, ko ya shiga ɗaukar fim da waƙoƙin bidiyo inda ake son bango ya narke kuma ana da ikon tsayar da jarumi, ko mujalla ta fara sayen aikinsa, to ya kai. Alamar ita ce ya riga ya mallaki haske da kyamara ta biyu, kuma ya iya nuna hotunan da f/1.8 ya kasa masa, ba waɗanda hannunsa ya kasa ba. Ko a lokacin, ba dole sai sabo ba. Tun da Canon da Nikon suka koma kyamarori marasa madubi a 2018, ƙwararru a Turai da Amurka suke ta sayar da tsofaffin gilasansu na EF da F, kuma suna gangarowa shagunan Computer Village a Ikeja da Banex Plaza a Abuja da rangwame mai yawa. Gilashin EF yana aiki lafiya a kan sabuwar kyamarar Canon R idan aka sa masa mahaɗi, don haka wanda ya saya yau bai yi asara ba ko ya sauya kyamara gobe.

Mai sayen na hannu, mai arha ne ko mai tsada, ya tafi da kyamararsa shagon, kada ya yarda da ta mai kaya. Ya cire murafen gaba da baya, ya haska fitilar waya ta gindin gilashin ya leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba ta hana hoto, amma zare-zare masu kama da saƙar gizo fumfuna ce, hazo-hazo kuma alamar an taɓa buɗe shi ko danshi ya zauna a ciki. Ya duba kusoshin gindi ko sukuddireba ta taɓa cin kansu. Ya rufe ƙofa zuwa f/8 ya danna sau da yawa ya ga ko ganyayen ciki suna rufewa da sauri, babu maiƙo a jikinsu. Sannan ya buɗe ta gaba ɗaya, ya ɗauki rubutun wata takarda daga mita biyu, ya faɗaɗa a allo ya ga ko saitin ya sauka a kan layin da ya nufa, ba gabansa ko bayansa ba. Ya maimaita a lungun shagon da ya fi duhu. Tunda daga Abuja zuwa Bena tafiyar yini ce, ya nemi a rubuta masa lambar jikin gilashin a rasit, tare da kwanakin da aka yarda zai iya dawo da shi, kafin ya tura kuɗi.